Ƙwaƙwalwa Ya Ɗora Bene

"Ɗan kwangilar da zai cuce ni, wallahi ko uwarsa ba a haifa ba tukuna! Bene zan ɗora a kan gidana, kuma da rabin kuɗin da ku wawaye kuke biya. Ku rubuta ku ajiye."

Ƙwaƙwalwa ke nan, zaune a ƙofar shagonsa na tayoyi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan wata tayar babbar mota, yana zuba wa mutanen da ba su tambaye shi ba bayani. Kada ka zaci mu muka laƙaba masa sunan nan, abokina. Shi ya raɗa wa kansa, har ya biya aka rubuta masa shi da jan fenti a bayan mota. Mutum ne wanda in likita yana duba shi, shi zai nuna wa likitan inda zai ɗora abin awo. In ka ce masa ka sayi abu, tun kafin ka faɗi farashi ya ce an cuce ka.

Maganar benen kuwa ba ta wasa ba ce. 'Ya'yansa mata huɗu ne, duk a ɗaki ɗaya suke kwana, kan gadaje biyu masu hawa. Babbar tana shirin jarrabawar fita sakandare, a kicin take karatu, zaune kan buhun shinkafa, don nan ne kaɗai ƙannenta ba sa biyo ta. Abin ya daɗe yana ci wa matarsa rai. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta sayar da filin da ta gada wurin mahaifinta, ta kawo kuɗin cif ta ajiye a gaban mijinta.

"Baban yara, ga shi. Iyakar abin da Baba ya bar mini ke nan a duniya. Ɗakuna nake so wa 'ya'yana. Don girman Allah ban da dabara."

"Haba Maman yara! Ni kike gaya wa?"

"Kai ɗin dai. Shi ya sa na faɗa."

'Yan kwangila uku ya kira, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne in ya shigo falon sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai ya kalli silin, ya ƙwanƙwasa bango, ya girgiza kai. Falon kuwa abin kallo ne. Faɗinsa ya isa a buga ƙwallo, tayil na ƙyalli, talabijin ta kusa kai girman ƙofa. Na farko ya faɗi farashi, Ƙwaƙwalwa ya tambaye shi ko da zinariya zai yi ginin. Na biyu ya faɗi wanda ya ɗara na farko. Na uku, wani dattijo, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a zo maganar kuɗi akwai abin da ya kamata ka sani game da falon nan..."

"Farashi na tambaye ka, ba lacca ba. Ga ƙofa nan."

Washegari ya kira maƙwabcinsa mai faci, ya ja shi gefe, ya rage murya kamar mai shirin juyin mulki.

"Na gano su. Mutanen nan ba gida suke aunawa ba, tumbin mai gida suke aunawa. Su ga mota, su ƙara. Su ga tayil, su ƙara. Su ji ƙamshin turare, su ƙara. To ni zan nuna musu gidan da ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye."

"Gidan wa ke nan?" in ji mai faci.

"Na Hedimasta mana."

Bari in warware maka. Unguwar tasu kamfani ɗaya ne ya gina ta, gidaje iri ɗaya sak, layi bayan layi, awo ɗaya, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Can layin ƙarshe yayan matarsa yake, tsohon hedimasta mai ritaya, wanda matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse. Gidansa yana nan da fentin da kamfani ya yi masa shekara ashirin da suka wuce, ba komai a ciki sai littattafai da kujerun katako. A lokacin ya tafi wurin 'yarsa a wani gari mai nisa za a yi masa aikin ido, ya bar wa Ƙwaƙwalwa makulli don ya riƙa ba wa bishiyar lemonsa ruwa. Ko sau ɗaya gogan bai leƙa ba.

Dabarar ita ce: a kai ɗan kwangila gidan Hedimasta, ya ga talauci ƙuru-ƙuru, ya yanke farashin talaka, a rubuta a takarda. Ranar fara aiki sai a ce masa, af, an yi ɗan kuskure, gidan na can layin gaba, ai duk ɗaya ne. Farashi kuma ya riga ya zauna.

Mai faci ya sosa ƙeya. "Anya kuwa?"

"Shi ya sa har yanzu kake faci. Ara mini kekenka."

Da ka ga shigar da ya yi ranar, da ka ba shi sadaka. Tsohuwar rigar da yake goge mota da ita, wando ya ɗage har ƙwauri, silifa ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya koriya. Ya sayi wata 'yar tsohuwar waya da aka ɗaure da roba, ya sa mata sabon layi, don kada a kira shi a ji waƙar da ya sa a babbar wayarsa. Ya haye keke, keken yana kuka shi yana haki, har ya isa wurin wani ɗan kwangila da ake ce wa Mai Awo. Siririn mutum ne marar hayaniya, awo a ƙugu, fensir a bayan kunne.

Mai Awo ya zagaya gidan Hedimasta, ya ƙwanƙwasa bango, ya tona gefen tushe ya duba, ya gyaɗa kai.

"Ginin lafiya lau, zai ɗauki bene. Gidan wa ne, Baba?"

Ƙwaƙwalwa ya marairaice, ya langaɓar da kai. "Na wani tsohon malamin makaranta ne, bawan Allah. Shekara talatin da biyar yana shaƙar alli, ga shi yanzu ido ya mutu, an tafi da shi asibiti. Ni maigadinsa ne. Ɗan abin da ya tara tun yana saurayi ya bar mini, ya ce in nemo mai tsoron Allah."

Mai Awo ya zaro fensir, ya mayar. Idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, ni da kake gani, malamina ne ya biya mini kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifina ya rasu. Har ya bar duniya ban saka masa ba. Wallahi ba zan ci ribar malami ba. Kuɗin kaya da na ma'aikata kawai za a biya."

Ya faɗi farashin. Ƙwaƙwalwa sai da ya ciji leɓe don kada dariyar murna ta kuɓuce masa. Aka kawo takarda, aka rubuta lambar gida da ta layi, aka rubuta bene mai ɗaki uku da banɗaki. Da aka miƙo masa biro ya ce shi bai yi boko ba, ya dangwala yatsa. Don ya ƙara ɗaure mutumin kada ya canza ra'ayi, ya zube masa kashi uku cikin huɗu na kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Mai Awo ya ce yana da wani aiki a hannu, sai nan da wata ɗaya da rabi zai fara, amma a bar masa makulli ɗaya don ya zo ya auna yawan rodi. Gogan ya ciro ya ba shi, har da addu'a.

A ranar nan shagon tayoyi bai ga ciniki ba, lacca aka sha. "Rabi! Na ce rabi, ga shi ko rabin bai kai ba. Yaro ya zo yana hawaye, ni ina hawaye, aljihuna na dariya. Ku zo ku yi rajista in koya muku."

A gida kuwa abin da ya ce wa matarsa kawai shi ne an gama magana, ta fara zaɓen labule.

Kwana uku bayan haka aka yi masa waya cewa kwantenar tayoyinsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa, sai ya je da kansa. Ya ce sati ɗaya zai yi. Ya jefa 'yar wayar maigadi cikin durowar shago, a kashe, ya kama hanya. Sati ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu, yana can yana koya wa ma'aikatan tasha aikinsu, su kuma suna ƙara tura takardunsa ƙasan tebur.

A sati na biyar matarsa ta kira, muryarta fal murna.

"Baban yara, ka ji abin farin ciki? Yaya yana ɗora bene!"

Ƙwaƙwalwa ya fashe da dariya har yana buga cinya. "Hedimasta? Bene? Da alli zai gina shi?"

"Wallahi da idona na gani. Na je kai ɗinki layinsu, na tarar an cire kwano, an zuba dakin na kankare, har bulo ya fara tashi a sama. Ina jin kuɗin fanshonsa aka biya shi. Na kira shi, 'yarsa ta ce an naɗe masa ido, likita ya hana shi waya."

Dariyar ta fara sauka a hankali, kamar tayar da ta taka ƙusa.

"Wa... wa yake aikin?"

"Wani siriri mai fensir a kunne. Mutumin kirki. Ya ce maigadin gidan ya ɓace, wata guda yana nemansa a waya bai samu ba. Ni ban ma san Yaya ya ɗauki maigadi ba. Baban yara? Kana ji na?"

Ina fa! Gumi ya riga ya keto masa tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Ya bar kwantena, ya bar takardu, ya bar jakarsa a masauki, ya faɗa motar farko da ya samu.

Kai da kake da hankali, ka ce kai tsaye zai je ya faɗi gaskiya. Ba ka san Ƙwaƙwalwa ba. Sai da ya biya shago ya sake zura tsumman goge mota, don a cewarsa in Mai Awo ya gane shi mai kuɗi ne, farashi zai tashi. Ya sake aron keke. Mai faci ya buɗe baki zai yi magana, ya ce masa in ya furta kalma ɗaya sai ya tashe shi daga gaban shagon.

Tun daga bakin layi ya hango abin. Gidan Hedimasta ya yi tsawo, ya fi kowane gida a unguwar, katako ya tokare dakin ta ko'ina, magina sun fi goma a sama suna ta jera bulo suna waƙa. Ƙafarsa ta zame daga feda, shi da keken suka kwanta cikin tulin yashi.

"Baba maigadi ya dawo!" leburori suka ɗauki ihu.

Mai Awo ya sauko da sauri, baki har kunne, ya ɗaga shi ya karkaɗe masa riga.

"Baba, ina ka shiga? Mai wancan aikin ne ya fasa, sai na ce bari in kwaso mutanena gaba ɗaya mu zo nan. So nake ranar da aka buɗe wa Malam ido, abin da zai fara gani ke nan. Dubi dakin ɗin nan! Rodi mai kauri na sa, ko jikokin jikokinsa ba za su ga tsagewa ba."

"Ma... madalla," in ji Ƙwaƙwalwa. Ya ɗaga kai ya kalli benen. "Shi dakin ɗin nan, misali, ana iya ɗaga shi?"

"A kai shi ina?"

"Misali dai. Layin gaba haka."

Magina suka kwashe da dariya har wani ya kusa faɗowa. "Baba akwai barkwanci!" Wani lebura ya miƙo masa bokiti. "Tunda ka zo, a taimaka da ban ruwan dakin, rana ta yi zafi." Haka mai shagon tayoyi ya wuni yana hawa tsani da bokiti, yana shayar da simintin da aka saya da filin matarsa a kan gidan wani. Da ya sauko ya zuba ragowar ruwan a gindin lemo, karo na farko.

Amma kafin la'asar wata dabarar ta tsiro. Ai akwai ragowar kashi ɗaya na kuɗin. In aka lallaɓa Mai Awo ya ɗora ko ɗaki ɗaya ne a kan gidansa na gaskiya da farashin tausayi, zai samu abin nuna wa matarsa kafin asiri ya tonu. Washegari ya jira ta tafi kasuwa, yara suna makaranta. Ya ɓoye mota a bayan shago, ya lulluɓe talabijin da bargo, ya sa tsummansa, ya je ya ɗauko Mai Awo wai akwai wani bawan Allah mai fama da kansa da ke son a duba masa gida.

Mai Awo ya sa ƙafa a falon, ya tsaya cak, ya ɗaga kai.

"Innalillahi! Wane jaki ne ya cire bangon tsakiya?"

Ƙwaƙwalwa ya yi tari. Shekara biyar ke nan da ya sa aka rushe bangon don falo ya yi faɗi, ya kori maginin da ya ce masa kada a taɓa.

"Ai... wani babban injiniya ne ya ba da shawara."

"Injiniyan nan ɗauri ya kamace shi. Bangon nan shi yake ɗauke da rufin! Dubi yadda silin ya yi ciki. Dubi tsagar can. Wannan gida ko tankin ruwa ka ɗora masa sai ya durƙusa, balle bene. Sai an tona ƙasa, an kafa ginshiƙai, an ɗaure sama. Duk ɗan kwangilar da ya shigo nan dole ya faɗi kuɗi mai yawa, in dai yana tsoron Allah. Mutane suna kwana a ƙarƙashin wannan? Nuna mini injiniyan in gan shi!"

"Ga shi nan kusa da kai, sanye da tsumman goge mota."

Matar Ƙwaƙwalwa ce, tsaye a bakin ƙofa da kwando a hannu. Jakar kuɗinta ta manta ta dawo ɗauka.

Mai Awo ya dube ta, ya dubi mutumin. "Hajiya, kin san maigadin nan?"

"Shekara goma sha tara ina aurensa. Baban yara, me ya kai ka gadi? Gidan wa kake gadi?"

Abokina, asiri ya tonu. Gogan ya kalli silin, silin ɗin ma ba wurin kallo ba ne. Mai Awo ne ya zaro takardar daga aljihu, ya warware, ga lambar gidan Hedimasta, ga dangwalen yatsa. Matar ta karanta sau biyu. Ta ajiye kwando, ta zauna a hannun kujera, hawaye suka zubo mata. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi tsorata shi.

"Filin Babana," ta ce. "Abu ɗaya na roƙe ka. Yarinyar nan saura wata biyu jarrabawarta, har yanzu a kan buhu take karatu."

Ya ji kunya, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ta kama shi sosai, ta kai kusan minti biyar. Daga nan ya ɗaga yatsa sama.

"Kwantar da hankalinki, na samo mafita. Musaya za mu yi! In ba Hedimasta wannan gida mai tayil, in karɓi nasa. Ai shi ya ci riba. Mutumin da bai taɓa taka tayil ba..."

Mai Awo ya naɗe takardarsa ya fita yana salati. Matar kuwa ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Kwana huɗu bayan haka Hedimasta ya dawo. Tasi ta ajiye shi a ƙofar gida, ya fito da sandarsa da baƙin tabarau. Ya cire tabarau ya dubi gidan. Ya mayar. Ya sake cirewa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan.

"Direba, mayar da ni asibiti. Likitan nan ya ɓata aiki, gida biyu nake gani, ɗaya kan ɗaya."

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika layin. Ana ta yi masa barka da dawowa, ana tambayarsa ina ya samo kuɗi haka bai gaya wa kowa ba. Ƙwaƙwalwa yana wurin, ya ci manyan kaya, ya sha turare, ya zo da niyyar jan surukinsa gefe su yi maganar musaya cikin sirri. Amma da ya ji ana tambayar wa ya yi wannan aiki, ga taro, ga idanu, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ni ne!" ya ce, yana buga ƙirji. "Na duba na ga surukina ya yi wa al'umma hidima, ba wanda ya saka masa. Na ce to ni zan yi. Kyauta ce! Mu haka muke, ba ma son a sani."

Wuri ya kaure da tafi. Wata tsohuwa ta rungume hannunsa tana sa masa albarka. Wani ya ce a tsayar da shi takara. Sai da tafin ya lafa ya tuna abin da ya kawo shi, ya matso kusa da kunnen Hedimasta.

"Yaya, dama cewa na yi, tunda hawa bene zai ba ka wahala, ko za mu yi musaya? Ka koma nawa mai tayil..."

Hedimasta ya dube shi da sabon idonsa, sama da ƙasa, irin kallon da ya shekara talatin da biyar yana yi wa masu makara.

"Wanda rufinsa ke rataye da ikon Allah? Matarka Auta ta gaya mini komai a waya tun shekaranjiya, da aka kwance mini ido. Maganar gida biyu da na yi, so nake in ji abin da za ka ce. Na kuwa ji, shaidu ma sun ji." Ya juya wurin ƙanwarsa. "Auta, share hawayenki. Kuɗin Baba ne, kuma a kan gidan ɗan Baba suka sauka. Ƙasa tawa, sama taki ce da 'ya'yanki. Gobe zan rubuta a sa hannu. Da biro, ba da yatsa ba."

Haka aka yi. Mai Awo ya ce shi alkawarinsa da malami ya yi, farashi yana nan yadda yake, ragowar kuɗin ta ƙarasa rufi da fenti. Amma gidan mai tayil, ya ce wannan na mai kuɗi ne, farashin mai kuɗi za a biya, kuma dole kowa ya fita kafin damina ta sauka don za a tone falon gaba ɗaya. Motar mai jan rubutu ita aka sayar aka sayi rodi.

Ranar tarewa yara suka haye sama da gudu suna ihu. Babbar ta samu ɗakinta ita kaɗai, da tebur kusa da taga, ta zauna ta buɗe littafi tana murmushi tana share ido. Ƙannenta uku suka kama ɗaki na biyu. Uwarsu ta ɗauki na uku, ta rataya labulen da ta zaɓa. Ƙwaƙwalwa ya biyo baya da akwatinsa a ka, yana haki a kan matattakala, yana gaya wa masu ɗaukar kaya cewa shi ya tsara faɗin tagogin.

"To, ni ina zan sa akwatina?"

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Ɗakuna na ce ina so wa 'ya'yana. Ban huce ba tukuna. In na huce za ka ji."

Ya sauko wurin Hedimasta. Hedimasta ya ce ƙasa ta cika da littattafai, ko kyanwa ba ta da wurin kwana. Gogan ya tsaya a tsakar gida da akwati a ka, yana waige-waige. Sai ga Mai Awo ya matso, ya ciro wani ɗan makulli daga aljihu, ya nuna wani ɗan mitsitsin ɗaki da ke manne da ƙofar gida, wanda kowa ya ɗauka na ajiyar siminti ne.

"Ranka ya daɗe, wannan naka ne. Tun satin farko na gina shi da ragowar bulo, kyauta. Na ce bawan Allahn nan mai amana bai kamata ya riƙa kwana a waje ba. Akwai 'yar taga ta leƙen masu shigowa, ga ƙusa ta rataya tocila."

Ƙwaƙwalwa ya karɓi makullin, don ba shi da wani wurin. Ya shiga a karkace, ya ajiye akwati, ya cire manyan kaya saboda zafi, ya zauna kan wani bulo daga shi sai singileti. Bai gama zama ba aka fara buga ƙofar gida. Ya yi kamar bai ji ba. Aka sake bugawa. Daga saman bene matarsa ta leƙo.

"Baban yara, ba ka ji ana buga ƙofa ba? Kai ne kusa."

Ya tashi ya buɗe. Wani baƙo ne cikin shiga ta alfarma, ya faka mota yana kallon benen yana gyaɗa kai.

"Sannu maigadi. Kai, ginin nan ya yi kyau! Mai gidan nan ya san abin da yake yi. Shiga ka yi mini sallama da shi, ina so in tambaye shi yadda ya samu ɗan kwangila mai gaskiya haka." Ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yan canji. "Ungo wannan, ka sha ruwa."

Ka san abin da ya fi ba ni haushi, abokina? Ya karɓa.